Ruwan da Ya Ƙi Rufa Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da ɗan mitsitsin ƙwan cocila ya kusa raba ni da abincina ba.

Lokacin ina malamin kwantiragi a wata kwaleji a Dakoro, ina koyar da kimiyya. Sai aka ce ansipekta, mai duba aikin malamai, zai zo daga Maraɗi ya zauna a ajina, kuma abin da ya rubuta shi zai sa a sabunta mini kwantiragi ko a ce in kama gabana. Ni ke riƙe da Inna, mahaifiyata, don haka tun ana gobe cikina ya fara ƙugi.

Darasin a kan katiyon ne. In gishiri ya narke a ruwa, rabuwa yake gida biyu: masu cajin ƙari da masu cajin ragi. Masu ƙarin, irin su sodiyom, su ne katiyon. Su da abokan tafiyarsu ke ɗaukar lantarki su ratsa ruwa da shi, tataccen ruwa kuwa ba ya ɗauka.

Da mai hankali ne, da ya rubuta wannan a allo ya huta. Ni kuwa (Allah ya zuba mini son a sani) na ce sai na nuna musu ido da ido. Na ari batirin moto, wato babur, na nemo waya da ƙwan cocila, na sayo tataccen ruwan da ake ɗura wa batir, na juye shi a gorar da nake zuwa aiki da ita.

Da safe ina ta maimaita jawabina, Inna ta miƙo mini gorar tana wata magana. Na ce "To, Inna," na fice, ban ko tsaya na saurara ba.

A aji na tsiyaya ruwan a kofi, na gyara wuyan riga. Ansipekta, wani dattijo mai furfura, yana can baya yana kallona.

"Ku duba da kyau," in ji ni. "Ruwan nan babu komai cikinsa. In ƙwan nan ya kama kafin in zuba gishiri, ku daina ce mini mushe!" (Haka ɗalibai ke kiran malami a wajenmu, daga Faransanci.)

Na tsoma wayoyin. Ƙwai ya kama tar.

Na cire, na mayar, ya sake kamawa. Na jijjiga batir, gumi na bin bayana. (Wallahi har hura shi na yi, kamar mai kashe fitilar aci-balbal.) Can wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu cikin ladabi.

"Mushe, to yanzu mi za mu riƙa ce maka?"

Dariyar da aka kwashe da ita, na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, aiki ya tafi.

Dattijon ya taso a hankali, ya tsoma yatsa a kofin, ya ɗanɗana. Ya dube ni.

"Mushe, cikinka na ciwo ne?"

Nan take maganar Inna ta dawo mini: ta jiƙa mini 'yar kanwa a gorar, in sha cikina ya lafa.

"Kanwa ce," ya ce. "To, hwaɗa wa yara, wane katiyon ke cikinta?"

"Sodiyom," na ce.

Sai ga hannuwa sama. Wani ɗan makiyaya daga Tagiris ya tambaya ko kanwar da suke ba shanu ita ma haka take. Wata ta ce ruwan rijiyarsu mai zartsi fa? Ban taɓa ganin ajin nan ya farka haka ba, har aka buga ƙararrawa ba su sani ba.

An sabunta kwantiragin. Suna kuwa na samu: har a kasuwar dabbobi sai in ji an ƙwala, "Mushe Kanwa!"

Da na koma gida ran nan, Inna ta tare ni a bakin ƙofa.

"Ka sha?"

"Ban sha ba, Inna, amma ta yi aiki."

Tun daga ranar ba na cika baki a kan ruwan da ban ɗanɗana ba, kuma in Inna na magana, ajiye jawabina nake in saurara.