Sannu-Sannu Ya Rasu a Hawan Tudu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma fushin da bai huce ba, Tsohon Direba yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da tsofaffin abokan tasha rasuwar Sannu-Sannu, injin ƙwaƙwalwar kwamfutarsa, wanda masu boko ke kira furosesa. Rai ya yi halinsa da hantsi, a kan teburin falo, yana tsakiyar hawan tudu da lodin siminti.

Ga wanda bai san marigayin ba: tun da likita ya raba idon Tsoho da titi, babbar 'yarsa ta kawo masa kwamfuta da sitiyari da feda, da wasan tuƙin tirela a ciki. Da farko ya ce kayan yara ne. Daga baya ta zama motar da ta rage masa a duniya, kuma marigayi ne ke jan ta.

Mai ladabi ne. Bai taɓa ƙin tashi da sanyin safiya ba. Ana taɓa shi zai ce "ƙit" sau ɗaya, ya kama aiki. Aibinsa tudu. Da an zo hawa sai hoto ya fara ɗingishi, ka murɗa sitiyari yanzu, mota ta ji sai an jima. Mutumin da ya tsufa a titi bai taɓa kwantar da mota ba, sai ga shi yana afkawa rami a falonsa, uwargida na dariya tana tambayar ko a kira motar janwe.

Jinyar ta fara ne daga mijin 'yarsa, mai gyaran kwamfuta, wanda ke son a ce masa Injiniya. Shi ya ce akwai magani, a shiga saiti a ƙara wa injin gudu fiye da abin da kamfani ya yanka masa. Ya ƙara. Sannu-Sannu ya zabura kamar sabo, sai allo ya yi shuɗi, ya suma, ya farfaɗo. Aka rage gudun, ɗingishi ya dawo. Aka ƙara rabi, ya sandare. Injiniya ya goge busasshen man da ke tsakaninsa da fanka, ya shafa sabo. Ya hure ƙura. Ya zare ɗan batirin ciki ya mayar, wai don ya manta duk abin da aka koya masa. Ya ɗora Sannu-Sannu a gwajin wahala, ya ci gwajin lafiya ƙalau, amma Tsoho na kama sitiyari ya sake ƙamewa a tudun nan dai. Da dabara ta ƙare, Injiniya ya ce abin sa'a ne, ko kamfani ɗaya ya ƙera su wani na jure gudu, wani ba ya jurewa. Tsoho ya ce a zamaninsa makanike ba ya kiran sa'a sai ya gaza.

Ranar ajali, da Injiniya zai wuce shago, ya nuna wani layi a saitin, ya ce saura wannan, nan ake ba injin wuta, kaɗan-kaɗan, in ya dawo za su gwada. Tsoho bai yi boko mai nisa ba, amma ya san lamba, ya kuma san wuta. Ba direban da ke ba mota wuta kaɗan-kaɗan a tudu. Ka yi mata rowa, ta dawo da kai baya har da kaya. Ya bi hanyar da ya ga an bi, ya ba shi wuta har lamba ta ƙare. Rubutun ya koma ja. Jar fitila ba baƙuwar direba ba ce, ya wuce.

A shaida wa marigayi wannan: ya hau. Ba ɗingishi, ba tangarɗa, fanka na kukan "wuuu" kamar tirelar gaske. Ana gab da ƙoli ya ce "fat", komai ya yi duhu. Uwargida ta leƙo daga kicin tana tambayar wanda ya bar roba a kan murhu.

Injiniya ya duba gawar, ya ce shi wutar lantarki yake nufi, ba ta totur ba. Tsoho na so a sani cewa wuta aka ce, wuta ya bayar. Duk wanda ya zo gaisuwa da wata magana daban, ya ajiye ta a waje tare da takalminsa.

Marigayi ya rasu ya bar uwarsa, babban allon cikin kwamfuta da yake zaune a kai, wadda ita ma ta ƙone a gefe, ana duba ta. Ya bar fanka, wadda har yanzu in an kunna takan juya, ba ta san abin da ya faru ba. Ya bar sitiyari da feda marayu, da siminti da ba a kai wa mai shi ba.

Za a naɗe shi a tsumman goge gilas, a sa shi a akwatin sifana, tare da tsohon lasisin Tsoho. Ana karɓar gaisuwa a falo daga la'asar. Kada a zo da shawara.

Masu tambayar magaji su huta. Injiniya ya riga ya kawo sabo a kwali, da sharaɗin zai kulle saitin da lambar sirri, ya riƙe ta a wurinsa. 'Yar ta durƙusa ta ce Baba ya yi haƙuri ya karɓa, ko ba komai zai koma kan hanya. Tsoho ya dubi sitiyarin, sannan ya ture kwalin.

"Ku mayar. Ni ba yaron mota ba ne, da za a ba ni sitiyari a hana ni wuta."