Rasuwar Katin Hoton Kwamfutata a Minti na Goma Sha Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Muslima Surajo Gafasa, mai shagon haɗa bidiyo a bakin tashar Gaya, nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar katin hoton kwamfutata, wanda masu gyara ke kira girafik kad. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana tsakiyar aiki, bayan shekara shida muna tare.

Marigayi ba ya cikin kayan da aka haifi kwamfutar da su. Daga Kano na ɗauko shi, an riga an more shi a wata ƙasa, na soka shi a gurbinsa. Da memorinsa ya zo, wato rumbun da yake zuba aiki a ciki, da fankokinsa biyu, bai taɓa sa hannu a kwanon kowa ba. Bidiyon walimar da a da nake kwana uku ina jira, shi kafin la'asar ya sauke. Idan aiki ya yi nauyi sai ya ce "fuuuu", ya ci gaba. Ban taɓa jin wata magana daga bakinsa ba bayan wannan.

Ga aikin da ajali ya same shi a kai. Mahaifinmu Malam Surajo ya yi shekara talatin yana karantarwa a Islamiyyar Gafasa, kuma har ya koma ga Allah bai yarda an ɗauke shi hoto ba. Bana wani tsohon ɗalibinsa, Alhaji Ja'afar na Ajingi, ya tsinci kaset ɗin wata saukar Alƙur'ani a ƙasan akwati. An ɗauka daga can baya, hoton duk dishi-dishi. A minti na ashirin da shida Malam ya waiwayo, ya yi kusan minti biyu yana duban mai kyamara yana magana. Fuskar ba ta fi ɗan yatsa ba.

Innarmu Hanne kuwa tana fama da hawan jinin ido. Likita ya gaya mana ganin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma yana bin sa. Da na nuna mata kaset ɗin ta kai fuskarta daf da gilashi, ta daɗe, sannan ta ce, "Muslima, rawanin na gani. Ina mutumin?"

Na ce, "Inna, ki ba ni mako ɗaya."

Akwai manhajar da ke wanke tsohon bidiyo hoto bayan hoto, amma tana son ƙarfi. Marigayi ya karɓi aikin bai yi gardama ba. A nan nake neman gafararsa, domin laifin nawa ne. Maimakon in yanko wurin da Malam ya waiwayo in fara da shi, sai na ce a bi daga farko, Inna ta ga taron a jere kamar yadda aka yi shi. Kwana huɗu na sa shi yana wanke tabarmi da bango da ƙeyar mutane, a zafin Afrilu, ƙarƙashin kwano.

Ciwon ya fara ranar Litinin da koren layuka a gilashi. Washegari fanka ɗaya ta ce "kar-kar-kar", ta tsaya. Ɗayar ta yi ta ihu ita kaɗai. Ina miƙa hannu in kashe, gilashi ya yi baƙi, ƙauri ya tashi. Aikin yana minti na goma sha tara.

Na rungume shi a Keke Napep zuwa wurin Musbahu mai gyara. Ya kwance shi, ya gasa, ya auna, ya sake aunawa, sannan ya ajiye sukundireba ya ce, "Anti Muslima, sai haƙuri. Ko Kano kika kai shi abin da za su gaya miki ke nan."

Marigayi ya bar gilashi ɗaya, kibod, da linzami mai ciwon maɓallin dama. Ya kuma bar ƙaninsa, ɗan ƙaramin katin hoton da aka gina a cikin furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, tun daga kamfani. Ba zan ci mutuncinsa a ranar makoki ba. Ba ya shan wuta, ba ya zafi, ba ya surutu, kuma da shi nake buga wannan sanarwa. Sai dai ba shi da memorin kansa, a kwanon furosesa yake ci. Na yanko masa minti biyun nan kaɗai na ba shi. Sau biyar yana farawa, sau biyar yana faɗuwa, ya ce wuri bai ishe shi ba. A na shida ya yi alkawarin kwana goma sha ɗaya, in solar ba ta yi gardama ba.

Za a naɗe marigayi a ledarsa ta asali gobe Alhamis bayan azahar, a sa shi a durowar ƙasa ta teburin shago. Ba salla, ba sadakar uku. Ana karɓar gaisuwa a shagon daga safe zuwa magariba.

Mai zuwa ta'aziyya kada ya wahalar da kansa da kwanon abinci. Don Allah, don Annabi, duk wanda ke da kwamfuta mai irin wannan kati, a Gaya ko Ajingi ko Wudil, ko wanda ya san mai ita, ya ara mini yini ɗaya tak. Zan zo da ƙafata, in zauna a inda aka ce in zauna. Yau da safe na shiga gaishe da Inna, na durƙusa a gabanta, sai ta ce, "Wace ce? Yi magana in ji."