Yadda Za Ka Gyara Saƙonnin Kaka Ba Tare Da Ka Gaida Baba Na Ƙasa Ba

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ka zo wurin gwani. Shekara uku ba na gaisawa da Baba na ƙasan bene, mai kula da tsohuwar babbar kwamfutar ofishinmu da muke kira Kaka, tun ranar da ya ce min "yaron jiya" a gaban manaja. Bi matakan nan, na lamunce maka aiki zai gyaru, girmanka kuma ko ƙwarzane ba zai yi ba.

1. Fahimci matsalar, amma a ɓoye

Sabar, wato kwamfutar da kake kula da ita a saman bene, tana tura sunayen ɗalibai ta layin saƙonni, Kaka tana karɓa ta buga takardun shaida. Kowacce da tsarin haruffanta, don haka dole a juya haruffan a hanya, sau ɗaya tak. Yau an wayi gari kowane suna ya zama alamar tambaya da ƙananan akwatuna. Jibi za a yaye ɗaliban, ƙanwarka tana cikinsu, Inna har ta goge kayan da za ta sa. Kada ka nuna damuwa. Haɗa shayi.

2. Ɗora laifin a ƙasa

Manaja zai leƙo ya ce, "Wai daga ina abin yake?" Ka ce, "Ranka ya daɗe, daga nan lafiya lau suke fita." Kada ka ambaci sabuntawar da ka yi wa sabar jiya. Mai ilimi ba ya faɗin duk abin da ya sani, balle abin da ya yi.

3. Gyara a asirce

Kunna juya haruffa ta ɓangarenka, ka tura gwaji. Sakamakon zai fi na ɗazu muni, domin shi ma Baba ya kunna nasa a asirce, an juya sau biyu. Yi tsaki ka kashe naka. Shi ma a lokacin ya kashe nasa. Ku yi ta haka har la'asar, kamar mutum biyu da suka haɗu a bakin ƙofa kowa na kauce wa ɗaya. Ni sau bakwai na yi.

4. Aika ɗan saƙo

Tura mai shara ta tambaye shi ko nasa a kunne yake. Za ta dawo ta ce, "Ya ce shi ma a tambaye ka." Sannan ta jingine tsintsiya ta ce, "Ɗana, matakala sha biyu ce fa. Ni da ciwon gwiwa sau nawa nake hawanta?" Yi kamar ana kiranka a waya.

5. Kada ka ɗaga wayar ƙanwarka

Idan hannu ya riga ka, za ka ji ta ce, "Yaya, an ce takardunmu a ofishinku ake bugawa. Na gaya wa ƙawayena kai ne mai yi." A nan, gaskiya, ni kunya ta kama ni har na kasa shanye shayin.

6. Sauka, amma ka ce iska kake sha

Za ka tarar da shi da rigar sanyi, ya zuba wa allo ido, fuskarsa duk gajiya. Ka tsaya. Bakinka zai ci amanarka ya ce, "Baba, ina wuni." Zai dube ka ta saman tabarau, sannan ya jawo kujera da ƙafa.

"Lafiya lau. Zauna. Ka bar naka a kashe, ni zan juya." Ni dai a nawa, minti biyu aka yi, sunaye suka fito tsaf. Ya zaro takarda ɗaya mai ɗumi daga firinta ya miƙo min. "Ta ƙanwarka ce. Tun safe ita nake gwaji da ita, don na san za ka so ka fara ganin ta."

Gargaɗi: marubucin nan ba shi da alhakin duk abin da zai biyo baya. Idan ka tsinci kanka kana sauka kullum da kofi biyu na shayi, ko idonka ya ciko a gaban tsoho har ka ce sanyin ɗakin ne, kai ka jiyo. Ni dai ban ce ka gaishe shi ba.