Ranar da na tare wa Falmata faɗan iyaka

Da ludayin miyar kifi a hannuna na banka ƙofar ɗakin Falmata, ɗaurin ƙirji, ko ɗankwali babu. Har in koma ga Allah wannan shigar ba za ta bar raina ba.

Falmata jikata ce, a hannuna ta tashi. Ta yi karatun kwamfuta, wani kamfani mai haɗa famfon sola na noman rani ya ɗauke ta aikin gwaji, daga ɗakinta take yi nan Haɗeja. Sai na ga yarinya ta daina cin abinci, ta rame a tsaye. Na tsare ta na ce sai ta gaya mini. (Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun da na iya haɗa baƙi nake ganin babu abin da ya fi ƙarfin kaina.)

Ta ce, "Iya, a cikin injin akwai wani ɗan ƙarfe mai kula da famfo, yana ajiye bayanansa a memori, wato ma'ajiyar injin. Dole a yanka masa iyakar inda zai taɓa. In ya tsallaka ya yi rubutu a wurin wani, sai inji ya sandare, ruwa ya tsaya. To manhaja biyu ne a ciki, direba muke ce musu. Babbar na kula da injin duka, ƙaramar na kula da ƙarfen kaɗai. Rigimar ita ce wacce za ta yanka iyakar."

Na ce, "To ke me kika ce?"

Ta ba ni amsa, wallahi ta ba ni. Amma daidai lokacin na jiyo ƙauri daga madafa, hankalina ya tafi kan tukunya. Abin da na riƙe shi ne iyaka, da kuma cewa in maganarta ta faɗi a taronsu, da wuya su riƙe ta a aikin.

Iyaka kuwa ni na san ta. Duk shekarar da ruwa ya cinye fadama ya janye, alamun gonaki sun tafi da shi, sai an sake yanka. A gaban idona maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ya yi shiru don kara, maƙwabci yana kafa turke a gonarmu ta Guri. Shirun nan ya cinye mana gefen gona har yau. A wurinmu wanda ya yi shiru ranar iyaka ya sallama.

Ranar taron da hantsi na kasa zama. In je madafa, in dawo bakin taga. Wani namiji yana ta zuba Turanci a kwamfuta, Falmata shiru. Ya ƙara, shiru. Na leƙa na haɗa sunan da ke ƙasan hotonsa: Injiniya Garba. Na ce wallahi ba za a maimaita mini Guri ba.

Shi ne fa na faɗa ɗakin.

"Kai Garba! Yarinyar nan tana da gata. Tun da Allah ya yi fadama babba ke yanka iyaka. Ina ka taɓa ganin ƙarami ya yanka wa kansa? Babbar ce za ta yanka, magana ta ƙare!"

Na buga ludayi a tebur, miya ta fantsama a gilashin kwamfutar. Sai a lokacin na lura ba shi kaɗai ba ne. Fuskoki ne jere cikin ƙananan akwatuna, har da wata Baturiya da kofi a bakinta, duk sun zuba mini ido. (Da ni a cikin akwatin ƙarshe, kafaɗu a waje.)

Garba ya gyara murya. Ashe ɗan Kaugama ne.

"Allah ya ƙara girma, Hajiya. Ai tun ɗazu abin da nake gaya musu ke nan."

Ya juya ya fassara musu, suka kwashe da dariya. Falmata ta rufe fuska, ta ce a hankali, "Iya, ni ƙaramar na ce. Ita ta san iya inda ƙarfen ke kaiwa. Shiru na yi don ba a zo kaina ba."

Na ce, "To, a ci gaba," na fita da baya kamar mai barin gaban alƙali.

A madafa na zauna ina salati, kifi yana ƙonewa ina kallonsa. Na ce shi ke nan, da bakina na kori jikata daga aiki. Da ta fito ba ta ko dube ni ba, ta ce za su gwada hanyoyin biyu a kan famfo. Kwanakin gwajin nan ni ce na daina cin abinci.

Famfon da aka sa wa tata hanyar bai sandare ba. Suka riƙe ta. Ranar da aka gaya mata, abin da ta fara yi shi ne kiran kafinta, ya sa wa ƙofarta sakata ta ciki.

Garba kuwa duk taro sai ya ce a gaida masa lauyarsa. Ni dai yanzu kafin in tare wa mutum faɗa, sai na sauke tukunya na tambaye shi ɓangaren da yake.