Auren da Na So Ɗaurawa a Majigi

Ba zan taɓa mantawa da zuwan motar majigi Dutse ba, ko na so in manta ma tsofaffin unguwarmu Limawa ba za su bar ni ba. Zamanin Turawa ne, ina saurayi, ina neman auren Dije, 'yar Baffa Jauro, wani dattijo mai shanu wanda ba ya son hayaniya. Magana ta yi nisa, abin da ya rage kawai ya buɗe baki ya ce ya ba ni.

Bayan magariba aka ɗaure farin ƙyalle a fili, aka ta da inji. Ni kuwa na makara (na tsaya karya hula ne, ko Dije za ta hango ni), na tarar an riga an fara. Na kutsa gaba na zauna, ban ko duba wanda ke bayana ba.

A jikin ƙyallen ga wani saurayi makiyayi, ga wata yarinya tana kawo masa fura bakin garke. Hotunan ba sa magana, tafinta ne ke faɗar abin da suke cewa ta lasifika. Sai na ji ya ce, "Ta ce, Yaya ga fura." Shi ke nan, na gama fahimta, ai haka Dije take kirana. Shanun saurayin suka kamu da ciwo, yarinya ta yi ta kuka, ni ma idona ya ciko. Na ce a raina, wannan ita ce ƙauna.

Can sai ga malamin dabbobi, ya yi wa shanu allura, suka miƙe. Saurayi ya yi dariya, yarinya ta yi dariya, aka nuno wata saniya tana tuƙa, sai ƙyalle ya yi fari fat. Wai an gama.

Kaina ya ɗaure. Ina baiko? Ina goro? Na jira ko da saura, sai na ga ana naɗe waya. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Malam tafinta, wannan ai zalunci ne! Yarinya ta sha wahalar dama fura, ta yi kuka, a ƙarshe a rufe mana da saniya? In saurayin ba shi da waliyyi ni zan tsaya masa, a ɗaura musu aure!"

Tafinta bai ko kawar da bakinsa daga lasifikar ba. "Samari, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya fa. Tun farko na faɗa."

Fili ya kaure da dariya, har da masu faɗuwa. Na juya in sulale, sai muka yi ido huɗu da Baffa Jauro, ya dogara sandarsa, shi kaɗai ne ba ya dariya. Na zube ƙasa.

"Baffa, barka da yamma."

Ya daɗe yana kallona. "Ƙannenka mata nawa a gida?"

"Uku, Baffa."

"To, Allah ya tsare su." Ya wuce abinsa.

Sai da kawuna ya yi ta sintiri gidansa har kaka ta wuce, kafin Baffa ya yarda cewa wauta ce kawai ke damuna, ya ba ni Dije. Ni dai har yau ina kan bakana, ƙarshen majigin nan bai yi ba. Amma tun daga ranar, ko kaji biyu na gani suna kiwo tare, sai na tambayi asalinsu kafin in yi musu fatan alheri.