Kamfas ɗin da Ya Kai Mu Dandume

Ranar ɗaurin auren ƙanena a Ƙarfi, gabas da mu, ni na tuƙo akori-kura daga Funtua, Baffa wakilin ango yana gefena. Na ɗora sabon kamfas ɗina mai nuna alƙibla kan rediyon mota, na yanke ta hanyar gonaki cikin isa. Hadari ya rufe rana.

"Ɗana, anya ba yamma muke yi ba?" in ji Baffa.

"Baffa, allurar nan ba ta ƙarya," na ce.

Ashe mayen ƙarfen lasifika ke jan ta. Da la'asar muka tsinci kanmu a Dandume. Wani maƙwabci ne ya karɓa wa ƙanena aure.

Har yau, in za mu yi salla a gona, sai 'yan'uwa su ce, "Malam, nuna mana gabas, mu juya mu kalli inda ka ba baya."