Yadda Za Ka Ɓoye Wa Surukinka Giɓin Wuƙar Injinsa

Surukinka kafinta ne. Ya ce bayansa ya gaji, yana tunanin miƙa maka makullin shago gaba ɗaya, in ya ga hannunka ya faɗa. Ya fita sayo katako, kai kuma ka tura tsohon allo cikin injin goge katako ba ka duba ba. Ka ji ƙas! Ƙusa ce. Yanzu duk katakon da ya fito, sai ka ga wani siririn layi ya bi shi har ƙarshe. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin makulli zai kwana a aljihunka.

1. Zare waya daga soket
Kashe makunni kaɗai bai isa ba. Suruki yana iya yafe wuƙa, amma matarka ba za ta yafe maka dawowa gida da guntun yatsa ba.

2. Duba ɓarnar da fuskar masana
Juya gangar da wuƙaƙen ke ɗaure a jikinta da hannu, a hankali. Za ka tarar kowace wuƙa ta yi giɓi a wuri ɗaya, kamar yaro mai famfara. In mai walda na maƙwabta ya leƙo ya ce, "Lafiya, angon gida? Na ji ƙara," ka girgiza kai ka ce, "Ƙarfen zamani ke nan, ba shi da ƙwari." Kada ka bari ya shigo. Mutumin nan bakinsa ba ya riƙe komai.

3. Raba giɓin
Nan ne asirin. Tunda giɓin ya yi sahu ɗaya, shi ya sa layin ke fita. Ɗauki sifana, sassauta notin wuƙa guda, ka gusa ta gefe kaɗan. Abin da wannan ta bari, waccan za ta share. Haka 'yan gida ɗaya ke rufa wa juna asiri.

4. Daidaita tsayi
Ɗora rula a kan teburin da katako ke sauka, ka juya ganga. Wuƙar ta ɗan taɓa rular, ta ja ta kaɗan, shi ke nan. Gwada dama, gwada hagu. In ta yi sama, za ta gatsi wutsiyar katako. In ta yi ƙasa, katakon zai yi karo da tebur ya tsaya yana kallonka. Sannan ka ɗaure notin ɗaya bayan ɗaya daga tsakiya zuwa gefe, ka ɗaure da gaske, don wuƙar da ta kwance ba ta san ango ba.

5. Share wuri, amma ba da yawa ba
Shagon da ya cika tsabta shi ke tona asiri.

6. Tarbi Baba
Karɓi kayan hannunsa, ka rage surutu. Zai tura katako ɗaya, ya shafa shi da babban yatsa. Sumul. Duk da haka zai zare waya, ya sunkuya ya daɗe yana kallon wuƙaƙen.

"Ɗana, wa ya gusa wannan?"

"Baba, gani na yi kamar tana son gyara."

"Uhm. Babba ce ko ƙarama?"

"Wace, Baba?"

"Ƙusar." Zai yi dariya har ya dafa bayansa. "Wannan dabarar ba a koyon ta sai an ci ƙusa. Ni a injin surukina na koye ta." Sai ya laluba aljihu. "Ungo makulli. Gobe ka kai wuƙaƙen a wasa su, ka daina ƙarya da sifana."

A kula
Na yi alkawarin makulli, ban yi alkawarin asiri zai rufu ba. Wanda kuma aka haɗa da surukin da bai taɓa cin ƙusa ba, ya ji da kansa, ni ban san shi ba.